Murɗin Hagu

Maƙwabciyarsu Iole ce ta tono maganar, tana shanya tufafi ta taga.

"Sinyor Ermete, ka ji tsoron Allah! Kullum bayan abincin rana sai ka tayar da injin nan? Mu ba mutane ba ne da za mu runtsa?"

Sai da ta maimaita kafin Ermete ya gane, don mutanen yanzu magana suke ciki-ciki kamar masu ciwon haƙori. Bayan abincin rana ai shi ma barci yake yi, a ɗakin sama, daidai kan garejin.

Ya sauka ya ɗaga murfin motar. Ja ce, tsohuwar ƙira, ta wani likitan Bologna mai son tuƙa ta har Paris bikin 'yarsa. Silinda goma sha biyu, lita uku, kafireta shida a jere. Irin injin nan ba ya mutuwa in ya sami mai saita shi, amma in kafireta ɗaya ta sha iska fiye da 'yar'uwarta, sai ya yashe ka a kan dutse kana ta zage-zage. Kuma da kunne ake saitin: bakin tiyo ɗaya a maƙogwaron kafireta, ɗaya a kunnenka, ka yi ta murɗa sukuru har duka su yi numfashi da murya ɗaya. Duk Modena an san motar da ta fita daga garejin Ermete ba a taɓa jawo ta da igiya ba.

Sukurorin ba inda ya bar su suke ba. Wayar da ake ɗaure notuna kada su kwance ma an sake ta, an murɗe ta tsaf, amma ta hagu.

Bahago ɗaya ya sani a wannan sana'a, Gualtiero. Tare suka koyi aiki a wajen marigayi mahaifin matarsa Nerina, tare suka nemi auren Nerina, Ermete ya yi nasara. Makullin garejin kuwa biyu ne, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a rataye a kicin.

Kishi ya turnuƙe shi. Shi kansa bai san wanda ya fi ci masa rai ba, shigar ƙato gidansa ko taɓa masa inji.

Ya fara sa wa matarsa ido. Nerina dai kamila ce, irin waɗanda sistocin makarantar coci suka horar da hannunsu da bulala har rubutunsu ya miƙe. Amma me ya sa kullum da yamma hannunta ke ƙamshin lemon tsami? Me ya sa take cika masa kofi na biyu da jar giya, tana cewa da ƙarfi, "Ƙara, maigida, ka je ka huta"? Mace da jikoki!

A shagon kofi ya tarar da Gualtiero yana raba karta da wannan la'anannen hagun nasa.

"Tsoho!" ya ɗaga murya yana dariya. "Jiya na jiyo jar motarka tun daga bakin kasuwa. Kunnen da ke gidanka, tun muna samari nake kishinsa."

Ermete ya ajiye kofinsa bai sha ba. Wato har ba'a ma ake yi masa a gaban jama'a.

Ya koma ya kwance saitin kaf, ya sake shi da nasa kunnen, ya murɗe waya ta dama yadda mutanen kirki suke yi. Ya hau da motar hanyar Serramazzoni don gwaji. Tun a kwanar farko ta fara fizga, warin fetur ya cika ciki, salansa ta buga wani abu da ya ji a kujera, tantabaru suka watse. Da ƙyar ya lallaɓo ta gida yana gumi.

Kashegari ya tashi daga barcin rana, ya murɗa makulli, motar ta tafi sumul, sitiyari ko motsi ba ya yi a hannunsa. Wayar ta koma hagu.

Wannan ne ya karya masa zuciya. Ashe Gualtiero ya fi shi. Ashe sunan da yake taƙama da shi na wani ne, matar ma wa ya sani. Tun yaushe?

Ranar da likita zai zo ɗaukar mota, Ermete ya faki ido ya tuttule giyarsa a tukunyar fure. Ya hau sama ya kwanta idonsa biyu. Gari shiru. Ya fara tunanin ko Iole ce ta tsufa, sai ya ga ruwan da ke kofi a gefen gado yana rawa.

Ya sauko ba takalmi, matakala tana karkarwa a tafin ƙafarsa. Ya ɗauki babbar sifana a bakin ƙofa. Ga mutum can sunkuye a kan injin, sanye da tsohuwar rigar aikinsa da hularsa, tiyo a kunne, sukudireba a hannun hagu.

"Gualtiero!" ya daka tsawa. "Ka ci gidana, ka ci sunana, me kuma ya rage?"

Mai aikin ko gezau. Ya ƙarasa murɗa sukurun a natse, ya kashe inji, ya goge hannu da ɓarin lemon tsami, sannan ya matso dab da kunnen Ermete.

"Tun shekarar da ka daina jin ƙararrawar coci nake yi maka, maigida," in ji Nerina, tana nuna masa matakala da hagun da bulalar sistoci ta kasa kashewa, "koma ka kwanta, saura kafireta biyu."