Fatar Da Ta Sha Allura

Ƙarfe takwas na safe, ana yayyafi, matata ta gano na ɓoye mata jakar kwalliya don kada ta shafa komai a fuska. Jiya ta murza abin nan mai ƙananan allurai a fuskarta, yau kuma za ta je ganawar neman aiki.

"Malam, ko firamare ba ka gama ba, kai za ka koya min gyaran fata?"

"Ni dai kafinta ne," na ce. "Katakon da aka goge, har cikinsa fenti yake shiga. Bari ƙofofin fatar su rufe kafin ki shafa hoda."

Ta buga ƙofa, ta je ta ari hodar maƙwabciya.

Da azahar ta dawo, kumatu sun kumbura suntum.

"Sun ɗauke ni," ta ce, kamar zagi.

Na jiƙa tawul da ruwan sanyi na miƙa mata. Ta fizge, ta shige ɗaki.