Ƙarfen da Ke Cikin Jinin Maƙeri

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake wannan ba ta yara ba ce, ta masu iyali ce.

An yi wani maƙeri a wani gari, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. In ana yabon gidansu sai a ce ai su ƙarfe a jininsu yake, shi kuwa ya yi ta murmushi yana zuba gawayi. Mahaifinsa bai tsufa can ba ya rasu. Kafin rasuwar, fatarsa ta dushe ta koma kamar toka, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa, cikinsa ya kumbura kamar tulu. Mutane suka ce wutar maƙera ce ta cinye shi, aka bar maganar a nan.

Maƙerin yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai taɓa riƙe awartaki ba, don tun yana ƙarami ya tafi birni ya zama tela. Ran nan aka aiko cewa telan yana kwance a asibiti. Da maƙeri ya shiga ɗakin sai ya ga kamar mahaifinsu ne a kan gadon: launin nan, yatsun nan, cikin nan. Likita ya zaunar da shi ya ce akwai sinadarin ƙarfe a cikin abinci, kowa yana bukatarsa ɗan kaɗan, amma jikin telan tara shi yake yi ba ya zubarwa, shekara da shekaru, har ya illata masa hanta. Ya ce abin gado ne, duk wanda suka haɗa uwa da uba ya zo a auna jininsa, ko da yana jin kansa garau.

Telan ya riƙo hannunsa ya ce, "Ƙanena, ni ko zugazugi ban iya ja ba, ga inda na kwanta. Ka bari su duba ka."

Ya ce, "To, Yaya, in Allah ya yarda." Ya fito ya wuce ƙofar ɗakin awon jini kansa a sunkuye, ya koma gida.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ya jima yana tashi da gajiya kamar wanda ya wuni noma, kuma yatsunsa biyu sai ya murza su kafin su yarda su kama masaba. Yanzu kuwa in ya tashi daga aiki sai ya yi ta dirzar hannu da sabulu, yana dubawa a rana: wannan baƙin na gawayi ne, ko na ciwon nan ne? Yabon gidansu da yake so ya zama ba ya ƙaunar jin sa. Matarsa ta ga yana ramewa, ba ta san abin da likita ya ce ba, sai ta ce jininsa ne ya yi ƙasa. Ta je kemis ta sayo maganin ƙarin jini, ta riƙa aikawa wajen mahauci a kawo masa hanta. Shi ma ya riƙa sha cokali-cokali, yana cewa a ransa ciwon jini ai sai maganin jini.

Wata safiya yana ƙera fartanya, mai ita yana zaune yana jira, masaba ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi gefe. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi. Ya shiga gida ya kwashe labarin duka ya faɗa wa matarsa.

Ta ce, "Haba maigida! Kai da ke wasa da ƙarfen da ya yi ja a wuta, allura ce ta koro ka tun daga birni?"

Ya ce, "Ba allurar ba ce. In suka ce akwai fa?"

Ta ce, "In akwai, rashin jin ne zai fitar da shi?"

Ta saka masa kwalbar maganin a aljihu, ta ce ya koma asibitin ya nuna a can. Ya je, aka ɗaure damtsen, aka ɗibi jini, ya bi shi da kallo ya ga ja ne kamar na kowa. Aka ce ya dawo. A kwanakin jiran nan bai hura wuta ba, tuwo ma sai ya taɓa ya ture, ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna ci.

Da ya koma, likita ya ce lallai akwai, ya ma fara taruwa, amma bai taɓa hanta ba tukuna. Da likita ya ga kwalbar sai ya dafe kai, ya ce ai ƙarfen ne a cikinta, wuta ake ƙara wa itace. Maganin kuwa, a riƙa rage masa jini lokaci-lokaci har abin ya sauka. Maƙeri ya sauke numfashi ya ce, "Ashe ƙaho ne, na asibiti."

Ya shiga wajen wansa ya faɗa masa. Telan ya rufe ido ya yi hamdala, hawaye na bin kuncinsa, don shi nasa ya riga ya yi nisa. Can ya ce, "Saura ƙanwarmu." Maƙeri bai koma gida ba ran nan, motar garin da take aure ya hau.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Abin da ya rage Hausawa sun riga mu faɗa: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.