Nauyi da Tsawo

Ya sake duba layin da ke kan allon kwamfutarsa, gumi na keto masa. Manhajar da ya rubuta wa asibitin yara lamba biyu take karɓa kafin ta lissafa magani: nauyi, sannan tsawo. Shi kuwa ya juya su. Tsawon ƙaramin yaro zai koma nauyinsa, a ba shi maganin ƙato mai kilo ɗari.

"Sai da na ce ka riƙa haɗa kowace lamba da sunanta," in ji abokin aikinsa. "Ka ce ɓata lokaci ne."

Ya kira asibitin, shiru. Ya sake kira, shiru.

Sai ga kiran matarsa.

"Baban Auta, jikinta ya yi zafi, mun zo asibiti. Har an yi mata allura. Kada ka damu, nas ta ce manhajarka ce ta lissafa."