Bugun Nagamine

Da safe Nagamine ya ga furanni a cikin bokiti a bayan ɗakin canza kaya, bai ko tambaya ba. Yau ne wasan ƙarshe na kakar besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, kuma kowa ya san gwiwoyin Kuramochi, tsohon mai cafke ƙwallo, sun gama aiki. Wanda zai ajiye wasa furanni ake ba shi. Abokan hamayya ma sukan yi masa kara, su jefo masa ƙwallo ɗoɗar ba murɗiya, ya buga ya tafi da mutuncinsa.

Shi Nagamine nasa ya ishe shi. Tun bazara yake ɗumama benci, ɗan canji a masu tsaron cikin fili. Wajen tare ƙwallo ba laifi, amma in aka ba shi sanda, sai dai a yi shiru. Iska kawai yake duka. Magoya baya har sun gaji da zaginsa, abin da ya fi zagin ciwo. Ya gaji, wallahi ya gaji. Amma ya san in yau ma ta wuce haka, ba shi ba ƙungiyar nan baɗi.

Can wajen ƙarshen wasa Koci Ebihara ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ɗauki sanda."

"Ni, Koci?"

"Akwai wani Nagaminen ne?"

Kuramochi ya daka masa duka a baya. "Je ka, sarkin benci. Taɓa ta ko sau ɗaya, ba ta cizo."

Yana fitowa ya hango matarsa Chizuru a cikin 'yan kallo, ta sha kwalliya, ita da ta daɗe da daina zuwa. Kunya ta kama shi. Duk ranakun duniya sai yau.

Mai jifa na abokan hamayya ya taɓa bakin hularsa, ya sako ƙwallo ɗoɗar. Nagamine ya doki iska. Ta biyu ta biyo hanyar ta farko, ya sake dukan iska. Ta uku ma nan ta biyo, ya rufe ido ya kai mata.

Ƙwas! Ta tsallake kan masu tsaro. Ya sheƙa da gudu har kusurwa ta biyu ta filin, ya tsaya yana haki. Fili duk ya miƙe, har benci na abokan hamayya ana tafi. Chizuru na share hawaye. A ransa ya ce shi ke nan, ya tsira da shekara guda.

Da aka tashi, 'yan wasa suka jeru, aka kawo furannin. Nagamine ya matsa gefe yana tafa wa tsohon da zuciya ɗaya.

Kuramochi ya karɓa, ya juyo yana ɗingishi, ya sunkuya, ya miƙa wa Nagamine su da hannu biyu. Ashe shi ake sallama, ba tsohon ba.

"Sannu da aiki, Nagamine."