Motar Marigayi

Yau ma attajirin ya tarar motar marigayi ta wuce tasa da taku ɗaya.

Tsofaffin motocin tsere ne, irinsu biyu kacal suka rage. Shi da amininsa sun tsufa suna gardamar wacce ta fi, har ranar da wata mota ta kaɗe aminin ta kashe shi, ta gudu. Sai ya sayi ta marigayin, ya jera su a gareji.

Jiya ya sa bakanike ya cire wa ta marigayin tayoyi, amma ga ta nan a gaba.

Bakaniken ya tsuguna, ya daɗe yana duba ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ta marigayi ba ta motsa ba. Taka ce ke ja da baya." Ya shafa gaban motar attajirin. "Af, yaushe aka sake fentin nan?"