Baƙo Mai Hankici a Filin Tireloli

Rediyo na cikin goge fitilar wata tirela da hannun rigarsa sai ya hango mutumin tsaye a tsakiyar fili, sanye da kwat mai tsada, ya toshe baki da farin hankici.

Ba a banza ake kiransa Rediyo ba, don in ya fara magana sai dai a cire masa batir. Shi ne mai tallar tireloli masu ɗaukar motoci a kamfanin surukinsa, kuma tun da aka ba shi aikin ko ƙusa bai sayar ba. Da safen nan surukin ya gaya masa a gaban kowa cewa in wata ya ƙare a haka, wankin tayoyi zai koma.

Saboda haka da gudu ya isa.

Mutumin ya ɗaga hannu ya nuna lungun da ma'aikata ke cusa motocinsu a jikin katanga. Daga bayan hankicin wata murya ta fito da ƙyar: "Mmm... motoci..."

"Motoci! Ai ka zo gidansu, yallaɓai," in ji Rediyo, ya kama shi a gwiwar hannu. A ransa ya gama karanta shi: mai kuɗi ne, hayaƙin gas na damunsa, kuma irin masu cinikin nan ne da ba sa ɓarnar kalma.

Ya fara kai shi gaban wata buɗaɗɗiyar tirela mai hawa biyu. Ta fi kowacce ɗiba, in ji shi, ga rashin nauyi, motar da ke janta ba za ta sha mai ba. Aibinta ɗaya ne: ruwan sama, tsakuwa da kashin tsuntsu duk a kan kaya suke sauka.

Baƙon ya girgiza kai, ya sake nuna lungun.

Nan Rediyo ya gane: mutumin ba surutu yake so ba, aiki yake son gani. Ya ƙwala wa bakanike kira ya ce ya fito da motarsa. Bakanike ya yi ta gunaguni, amma ya tuƙo ta ya hau da ita, aka ɗaure tayoyin da sarƙa. Idanun baƙon suka yi haske. Ya gyaɗa kai da ƙarfi, har sai da ya runtse ido.

Rediyo ya murza hannu don murna. Amma yatsan ya sake komawa lungu.

"Kwatantawa kake son yi. Daidai ne, ranka ya daɗe!"

Ta biyu rufaffiya ce ruf kamar akwati, ta motocin da ko rana ba a so ta gan su. Aka nemi motar kashiya. Kashiya ta ce ko mijinta ba ya taɓa mata sitiyari, don haka da kanta ta shigar da ita. Aka turo ƙofar baya aka sa sakata. Sai a lokacin kowa ya tuna aibin rufaffiyar: ƙunci gare ta, wanda ya shiga da mota ba ya iya buɗe ƙofa ya fito. Hon ya fara tashi daga ciki, can ƙasa-ƙasa, kamar kukan akuya a rijiya.

"Ka ji ko, yallaɓai? Ko ƙara ba ta bari ta fita, balle ƙura ta shiga."

Baƙon ya dubi agogonsa, ya dafe kunci, ya yi wani nishi mai tsawo. Ya nuna mota ta ƙarshe da ake iya gani a lungun: doguwa, baƙa, tana sheƙi.

Filin ya yi tsit, in ban da hon ɗin kashiya. Motar maigida ce, surukin Rediyo. Ko jikokinsa sai sun wanke hannu suke jingina da ita.

Rediyo ya dubi motar, ya dubi tulin tayoyin da ke jiran mai wanki. Ya lallaɓa ofis, ya tarar surukin nasa na gyangyaɗi a kujera, ya zare makulli daga aljihun rigar da ke rataye.

Ta uku ita ce sarauniyar fili: tana durƙusawa har ƙasa mota ta hau, sannan inji ya ɗaga ta sama. Ta durƙusa. Baƙar motar ta hau. Bakanike ya ja ƙarfe, mota ta yi ta tashi har ta wuce rufin ofis. Sai injin ya yi tari, ya feso baƙin mai a wandon Rediyo, ya mutu. Motar maigida ta tsaya can sama a karkace, hancinta na leƙen ƙasa.

Daidai nan surukin ya fito ba takalmi. Ya ɗaga kai. Ya hango motarsa can sama.

"Baba, kwantar da hankalinka, ciniki ne!" in ji Rediyo. "Duka ukun ya gwada, kuma duka sun yi masa. Ga shi nan ma ka tambaye..."

Ya waiwaya bai ga baƙon ba. Can ya hango shi a lungun da yanzu ya zama fili, yana buɗe ƙofar wata 'yar ƙaramar mota da ke manne da katanga, wadda ba wanda ya taɓa lura da ita. Ya tayar da ita, ya taho a hankali har gabansu, ya sauke gilashi. Ya cire hankicin, ya tofar da auduga mai jini, kuncinsa a kumbure suntum.

"Allah ya saka da alheri," ya ce, harshensa na harɗewa. "Haƙori aka cire mini a asibitin da ke jikin katangarku, na fito na tarar kun tare mini mota."