Nisan Garin Auta

Mai ɗinkin tana durƙushe tana soka fil a bakin siket ɗin ma'aikaciyar jirgin sama, sai ta daure ta ambaci garin da autanta yake zaune.

"Ai can ce hanyata, Mama," in ji budurwar. "In mun tashi da hantsi, kafin la'asar mun sauka."

"La'asar ta wace rana?"

Budurwar ta yi dariya. "Ta ranar mana! Ko barcin kirki mutum ba ya samu."

Mai ɗinkin ta ci gaba da soka fil. Shekara da shekaru ita ke kare yaron a gaban dangi kan rashin zuwansa gida: garin a bangon duniya yake, ba kasuwa ba ce da za a je a dawo. Da wannan maganar take rarrashin mijinta tun da ciwo ya kwantar da shi.

Ta rufe shago da wuri. A hanya ta ƙudurta mijin ba zai ji daga bakinta ba.

Ta same shi a jingine, ta gyara masa matashi, ta miƙa masa ruwa.

"Yau shirunki ya yi yawa," ya ce.

"Gajiya ce, Malam."

"Wa ya zo shagon?"

"Wata yarinya ce mai aikin jirgi."

Ya ajiye kofin.

"Kin tambaye ta ke nan."

Ta ɗago kai.

"Ni ma na tambayi likitana nisan garin, tun bara," ya ce a hankali. "Na roƙe shi kada ya gaya miki."